Damina Uku Saboda Nomau

Da sunan Wanda ya halicci ƙarfe, ya halicci wutar da ke tausasa shi, da sunansa nake buɗe baki. Ku matso kusa, ku da kuke da ɗan'uwa a bayan ƙofar kurkuku. Ku ma ku matso, ku da kuke ganin abin ba zai taɓa zuwa gidanku ba. Ni ne Anaruwa maƙeri, mutumin Gangaren Tama, birnin da ke ƙarƙashin baƙaƙen duwatsu, inda kogi ke hawa tudu da kansa, rana ta fito ja ta faɗi kore. Na taka ƙasashe uku da babu wanda ya taɓa takawa a zuriyarmu. Ba dukiya na je nema ba, ba kuwa suna ba. Ƙanena na je ceto.

Nomau sunansa, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Sau uku ana kama shi. Na farko akuya ya kwance, na biyu dawa ya ɗiba a rumbun mutane shekarar fari. Na uku kuwa, kaico, shagon wani falke ya fasa, mai gadi ya tare shi, ya maka masa itace har hannun ya shanye. Mati sunan mai gadin, dattijo ne da bai taɓa yi wa kowa komai ba. Dokar garinmu kuma a fili take: wanda aka kama sau uku, Ramin Gishiri za a kai shi, ya yi ta haƙa har ya mutu. Ba a taɓa jin wanda ya shiga ya fito ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ke ƙera wa gidan yari mari da sarƙa. Marin da ke ƙafar Nomau ran da aka kawo shi gaban alƙali aikin hannuna ne, tun daga nesa na gane shi.

Na faɗi gaban alƙali na ce, "Allah ya gafarta Malam, a ba ni shi in gyara."

Ya ce, "Anaruwa, mutum ne fa, ba garma ba. Sau biyu muka ɗaure shi, muka yi masa bulala, ya fito ya fi da lalacewa. Me ya rage?"

Na ce, "Ban sani ba, Allah ya gafarta Malam. Amma ba zai yiwu a ce duk faɗin duniyar nan babu inda aka san abin da ke jefa mutum ɓarna, da abin da ke raba shi da ita ba."

Alƙali ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce ya ba ni damina uku. In na dawo kafin girbin ta uku da hanyar da ta yi aiki a wani wuri, zai bari a gwada. In ban dawo ba, Rami. Na leƙa ta tagar kurkuku na gaya wa Nomau. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Yaya, kada ka wahalar da ƙafarka." Na zage shi tas, na ɗauki masabata da awartaki na kama hanya.

Wata huɗu ina tafiya gabas. Na ratsa dajin da itatuwansa ke matsawa gefe in sun ga baƙo, na bi ayarin fararen raƙuma masu tozo uku, har muka isa Birnin Ma'auna. Tun daga ƙofar gari ake cika mini baki: "A nan mun gama da sata. Muna sanin ɓarawo kafin ya san kansa." Na ce alhamdu lillahi, ashe tafiyar ma ba mai nisa ba ce.

Wata hula gare su ta ƙarfe. Wai da aka kashe ɓarawon farko a ƙasar, sai aka ƙera ta daidai kansa. A wurinsu sata a ƙashin kai take, da ita ake haifar mutum. Duk wanda ya balaga, da duk baƙo, sai an kifa masa hular nan a dandali. In ta yi masa yawa ko ta yi kaɗan, ya tafi abinsa. In ta zauna daidai, kurkuku har mutuwa, ko da allura bai taɓa ɗauka ba.

Sarkin Awo ke kifawa, wani ƙaton mutum mai kai kamar tulu. Ya kifa mini. Jama'a, ta zauna daram, sai ka ce don ni aka yi ta! Dandali ya ɗauki ihu. Ni da ko goron wani ban taɓa ɓantara ba sai ya ce bismilla.

Wata biyar na yi a kurkukunsu, can na ga abin da ya kashe mini jiki. Mutum ɗari uku ne a ciki, ɓarayin gaske ba su kai ashirin ba, amma su ne malamai. Tun safe har yamma babu aikin yi, sai su tara sauran suna koya musu yadda ake kwance tunkiya ba ta yi kuka ba. Wani manomi mai salla da azumi ya ce da ni, "Baƙo, tun da an ce ni ne, gara in iya." Sai na tuna sau biyu Nomau yana zama a irin wannan ɗaki a garinmu.

To, ran da aka kifa mini hular na lura da wata tsaga a ƙeyarta, idon maƙeri ba ya wuce irin wannan. Na aika wa Sarkin Awo cewa hular kakanninsu na gab da rabewa biyu, ni kuwa na iya liƙin ƙarfe. Hankalinsa ya tashi, ya sa aka fito da ni aka ba ni maƙera. Na sa ta a wuta na liƙe tsagar tsaf, amma ina bugu ina kallon kansa ta wutsiyar ido. Na buɗa ta da faɗin yatsa biyu. Da ta huce na ce a gaban jama'a, "Ranka ya daɗe, ƙarfen da ya sha wuta sai an gwada shi. A fara da ni." Aka kifa mini, ta zurma har hanci. Aka yi salati. Na ce, "To, a gwada a kan da kowa ya san tsarkinsa, don a tabbata tana ƙin mutumin kirki." Ya yi dariya ya kifa wa kansa. Ta zauna daram.

Dogarai suka dubi juna, suka dube shi, suka yi kansa. Ni kuwa na suri kayana na ranta a na kare. Kada ku ɗauka wani abin kirki na yi. Daga baya wani falke ya ba ni labari ko mutum ɗaya ba a saki ba. Sun ci gaba da awonsu, sai dai yanzu masu manyan kawuna ake kwasa.

Damina ta farko ta wuce ni a hanya. Na isa bakin wani teku mai ruwa fari kamar madara, na shiga jirgin da manyan kifaye biyu ke ja da linzami a baka, muka sauka Tsibirin Shiru. Mutanen nan ba sa duka, ba sa ɗauri. Su cewa suke ɓarna a tunani take: mutum ya ɗanɗana sau ɗaya, zuciya ta riƙe, ta yi ta jan sa. Maganinsu wata rijiya ce a tsakiyar lambu. Mai laifi ya sha moɗa ɗaya, ya manta abin da ya yi, a buɗe masa ƙofa.

A gabana aka kawo wani ƙato da aka kama da fashi, yana zage-zage, mutum huɗu na riƙe da shi. Aka ɗura masa. Kafin a rataye moɗar ya yi laushi, yana murmushi yana gaishe da kowa. Wallahi sai da na yi hawaye don murna. Na faki idonsu na cika gorata na cusa a burgami. Na ce Nomau ya tsira.

Wata tsohuwa ce ta ɓata mini murnar. Tana zaune a ƙofar lambun da ƙwaryar fura. Da mutumin ya fito ta miƙe tana cewa, "Jibo! Jibo, ni ce!" Ya dube ta da ladabi ya ce, "Sannu Iya, wa kike nema?" Ya wuce. Ta koma ta zauna, ko kuka ba ta yi ba.

Na tsuguna na gaishe ta. Ta ce ɗanta ne, wannan ne shansa na huɗu.

Na ce, "Na huɗu, Iya? Ba an ce in an sha an rabu ke nan ba?"

Ta ce, "Ɗan nan, ruwan kai yake wankewa, ba ya cika ciki. Duk gaɓar tsibirin nan ta gida shida ce, wanda ba nasu ba ko ƙugiyar kamun kifi ya jefa an kama shi. Yau ya fita bai san sunansa ba, bai san sana'ar ubansa ba, jibi yunwa ta nuna masa hanya. Da can in ya ɗauko abin mutane yana jin kunyata. Yanzu kunyar wa zai ji?"

Na yi mata sallama. Ina miƙewa masu tsaron rijiya suka dafa ni. Ashe doka ce, baƙon da ya ga rijiya sai ya sha, don kada labarinta ya ƙetare teku. Aka kulle ni a wata bukka aka ce sai gobe da hantsi. Amma na riga na lura da wani abu. Masu tsaron nan, kowace la'asar in sun tashi aiki, sai kowa ya lashi ɗigo ɗaya, don su manta fuskokin iyayen da suka gani a ƙofa. Da hantsi suka buɗe bukka suka tarar ina wasa da yatsun ƙafata. Na washe baki na ce, "Sannunku. Nan ina ne? Ni wane ne?" Babbansu ya dubi na kusa da shi ya ce, "Kai ka ba shi jiya?" Wancan ya ce, "Ina jin ni ne." Suka rataya mini burgamina, suka raka ni har jirgi, har da yi mini addu'a.

Da muka yi nisa na fito da gorar. Ba zan ɓoye muku ba, na daɗe ina juya ta a hannu. Sai na ji kamar Nomau yana ce mini sannu Malam, wa kake nema. Na tuntsurar da ruwan a teku. Ai kuwa kifayen da ke janmu suka sha, suka manta hanya. Wata uku muna yawo a kan ruwa, mai jirgi yana tsine mini safe da yamma.

Inda suka yar da mu, zazzaɓi ya kwantar da ni a wani ƙauyen masunta. Damina ta biyu ta zo ta wuce ina kwance. Masuntan ne suka ce in hau tudu zuwa Birnin Zaure Tara, akwai wani wuri da ake kira Gidan Gyara. Na tafi ba don na yarda ba, sai don babu inda ya rage mini.

Katanga akwai, ƙofa ma ana rufewa. Amma abin da ya fara tarbata ƙarar masaƙa ce da bugun turmi da warin jima. Mai riƙe da gidan wata 'yar gajeriyar tsohuwa ce, Inna Yalwa, haƙori biyu ya rage mata, ƙartin da suka kashe rai kuwa rusuna mata suke yi. Na kwashe labari na gaya mata.

Ta ce, "Ka faɗa mini abin da ya yi sau uku. A gidan nan da ranar farko ake farawa. Kafin akuyar, me ya faru?"

Na ce babu komai, lalacewa ce kawai.

Ta ce, "Kai maƙeri, ubanku maƙeri. Shi me ya hana shi ƙira?"

Dole na faɗa mata. Nomau bahago ne. A maƙeran Gangaren Tama bahago ba ya taɓa masaba, wai ƙarfen da aka buga da hagu mai shi yake sara. Yana shekara tara ya ɗauki masaba da hagu, babanmu ya kwaɗa masa awartaki a hannu ya kore shi daga maƙera. Da Baba ya rasu na gaji wurin, Nomau ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce ko zuga ce in bar shi ya riƙa yi mini. Na ce masa abin da muka tarar ke nan, ba ni zan karya ba. Daga nan ya koma mashigin kogi wurin 'yan caca, su kaɗai suka matsa masa ya zauna. Shekara goma sha biyar ban taɓa haɗa wannan da akuyar nan ba. Na zauna a ƙasa gaban tsohuwa na yi kuka kamar an aiko mini da mutuwa.

Ta bar ni na gama. Ta ce, "Ban ce kai ka maka wa mai gadi itace ba. Shi ya maka, kuma sai ya ɗauki abinsa. Amma wani yunwa ce ta kawo shi nan, wani duka, wani giya, wani abokai, wani kuwa ƙofa aka rufe masa. Kowa da ta inda ya shigo, ta nan muke fara aiki."

Wata huɗu na yi ina koyo. Na ga yadda ake zaunar da ɗaurarre ya faɗi ranarsa ta farko, wani sai ya yi wata biyu bakinsa bai buɗe ba. Na ga ana kawo wanda aka cuta, in ya yarda, ya zauna ya faɗi abin da aka yi masa, mai laifi ba shi da ikon cewa uffan sai an gama. Daga nan ya yi masa aiki da hannunsa, noma ko gini ko ɗiban ruwa. Kowa kuma da sana'ar da ake koya masa, ba ta wasa ba. Masu gadin suka ce cikin goma da suka fita, da ƙyar ɗaya ke dawowa.

Ran da hadarin farko na damina ta uku ya haɗu na ɗaure kayana. Inna Yalwa ta ce, "Ina za ka? Rabi ka gani."

Na ce, "Rabi kamar yaya, Inna?"

Ta ce, "Aikin cikin gida ka gani. Muna gyaran mutum a ciki, wasunmu suna waje suna gyaran unguwarsa, gida gida ake bi. Ba ya fita sai maƙwabtansa sun shigo sun ci tuwo da shi a akushi ɗaya sau arba'in, sai mutum goma sun tsaya a kasuwa sun ce su za su fara sayen aikinsa. Lallashin unguwa ya fi lallashin ɓarawo wuya nesa ba kusa ba, kuma yana da hanyoyinsa. Zauna wata shida in sa a koya maka."

Wata shida! Tsakanina da gida tafiyar wata huɗu ce, ga gero zai nuna. Na ce, "Inna, mutanen garinmu ne, tare muka tashi. In sun ga ya shiryu da idonsu ai shi ke nan." Har ga Allah haka na ɗauka. Ta dube ni, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Na shiga Gangaren Tama ana shirin girbi. Alƙali ya cika alkawari, ya ba ni shekara biyu da ɗaki ɗaya a gidan yari, da sharaɗin in an saki Nomau ya ƙara ɗaukar ko tsinke, Rami. Da hannuna na sare marin. Na kafa maƙera a ɗakin, na ɗauko masabar babanmu na sa wa Nomau a hannun hagu. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Yaya, sai yanzu?" Na ce sai yanzu. Kwana uku bai yi mini magana ba, ran na huɗu na ji bugu.

Ashe Nomau ya fi ni hannu! Fartanyar da ya ƙera a wata na shida, ni da na shekara talatin a bakin wuta ban taɓa fitar da irinta ba. Mati mai gadi ma ya zo, bayan na yi sawu bakwai gidansa. Ya zauna ya ɗora shanyayyen hannunsa a gwiwa, ya faɗi yadda matarsa ce ke ɗaura masa wando yanzu. Nomau ya kifa kai a ƙasa yana kuka. Damina biyu gandiroba na fita da shi yana nome gonar Mati. Ran da aka sake shi, alƙali da bakinsa ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba.

Muka kai fartanya ashirin kasuwa. Mutane suka ɗaga, suka yaba, suka tambayi wanda ya yi, suka ajiye. Wani ya ce aikin hagu ne, wani kuwa ya dafe aljihunsa. In Nomau ya shiga masallaci sai kowa ya ɗauki takalminsa ya shiga da shi sahu. In ya zauna a majalisa hira ta mutu, a zame ɗaya bayan ɗaya. Kazar wani ta ɓata, aka zo aka birkice ɗakinsa, da yamma aka gan ta a bayan rumbu, babu wanda ya dawo ya ce yi haƙuri. Maƙeran gari suka aiko mini in bahago bai bar maƙerata ba, ba ni ba su.

Na bi gida gida ina roƙon a zo a ci tuwo da mu. Ban san yadda ake yi ba. Inda ya kamata in lallasa sai in hau faɗa, ga ni da saurin fushi tun asali. Matata ta tuƙa tuwon mutum ashirin, ni da Nomau muka zauna gabansa har ya sandare. Mati kaɗai ya aiko, ya ce ya yafe har zuciya, amma ƙafa na damunsa.

Sai na yi dabara. Na kwashi fartanyoyin na kai kasuwa ni kaɗai na ce ni na ƙera. Kafin azahar sun ƙare. Na dawo ina murna na gaya masa. Tir, ban taɓa wauta irin wannan ba. Ya ce, "Madalla, Yaya." Ya ajiye masaba a gefen uwar maƙera, bai sake ɗaukarta ba.

Wata tara da fitowarsa, ranar kasuwa, rana tsaka, ya je rumfar wata mai albasa. Ya ɗauki albasa ɗaya tak a kan idon kowa, ya sa a aljihu, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu. Kafin in iso an taru. Na cakumi rigarsa ina jijjiga shi.

"Nomau, ka haukace? Ka san Rami ne!"

Ya ce, "Na sani, Yaya. Sake ni, za ka yaga mini riga." A hankali yake magana, babu fushi. "Ka yi iyakar yinka, Allah ya saka maka. Ka gyara ni, na kuwa gyaru, wallahi ko albasar nan ba na so. Amma wata tara ke nan, in ba kai ba babu wanda ya kira sunana. A can inda ake ɗaure, kowace yamma ana tsayar da mutane a kira su ɗaya ɗaya. In mutum ɗaya bai amsa ba, hankalin kowa sai ya tashi."

Mai albasa ta rantse ta yafe, aka ce ba ita ke da doka ba. Alƙali yana hawaye ya yanke hukunci, amma ya yanke.

Na bi su har bakin Ramin Gishiri, tafiyar kwana biyu, aka hana ni wuce shinge. Iyakar yawona ke nan, ya ku masu saurare, daga nan ban ƙara taka wata ƙasa ba. Na zauna a kan wani dutse. Da la'asar ta yi sanyi na ji gandiroba a can ƙasa ya fara kiran sunaye, ana amsawa a gajiye. Ya kira wajen mutum sittin, sannan ya ce, "Nomau na Gangaren Tama!"

Daga cikin ramin na ji ƙanena ya amsa, "Na'am!" da ƙarfi, da wata sakakkiyar murya da rabona da jin ta tun muna yara.